Hotunan Abena a Ɓoyayyen Dosiye

Ku da kuke zuwa koyon gyaran kwamfuta yanzu, magana ɗaya nake ji a bakinku: wai aikin ba wuya, a kwashe takardun mutum a zuba a filash, a wanke injin tas, a sa masa sabon Windows, a miƙa masa abinsa. Wankewar nan ita muke kira formate, kuma ba ƙarya kuka yi ba, ko wanda ya fara jiya zai iya. Sai dai abin da mutum yake gani a kan allonsa ba shi ne duka kayansa ba. Sanin inda sauran suke kwance shi ne sana'ar.

Ni ban fara da gyara ba. Da buga takardu na fara, a wani shagon sakatariya kusa da Babbar Kasuwa, a farkon shekarun casa'in. Kakanninmu Katsinawa ne da suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, a nan Chadi, suka zauna. A gida Hausa, a titi Larabci, a makaranta Faransanci, kuma da Faransancin nan aka ɗauke ni aiki. Da tafireta muke bugu, sai mai shagon ya sayo wata tsohuwar kwamfuta daga wani ofishi da ya tashi. Kullum cikin tsayawa take. Mai zuwa duba ta wani mutumin kudu ne, Misye Timote, dogo mai tabarau, yana yawo a kan babur da jakar fata a rataye. In ya zo kowa sai ya fita shan iska, ni kuwa sai in tsaya a bayansa ina leƙe. Rannan ya juyo ya ce da ni da Larabci, "'Yata, kin tare min haske. Ko ki matsa, ko ki riƙe min sukuddireban nan." Na riƙe. Mahaifina bai so ba da farko, yana ganin ina mace ina buɗe cikin inji. Sai da Timote ya zo har ƙofar gida suka sha shayi tare, sannan Baba ya ce, "To Balki, in dai za ki dawo kafin magariba."

Jakar Timote ba ta da kaya da yawa. Sukuddireba babba da ƙarama, disket na tayar da inji, igiya mai faɗi ta haɗa disk da disk, da abin goge fensir irin na 'yan makaranta, wanda yake goge haƙoran memori da shi in sun yi dauɗa. Babban kayan aikinsa wani disk ne da yake naɗewa a tawul. Kafin ya taɓa komai a injin mutum sai ya haɗa wannan disk ya kwafe. Kuma bai taɓa tambayar mai inji ina takardunka suke ba, don ya ce mutum ba ya sanin inda kayansa suke. Tambayarsa ita ce, "In ka zauna da safe, me kake fara buɗewa? Bayan shi fa?" Duk abin da mutum ya ambata, sai mu bi sawunsa mu ga inda yake ajiya.

A wancan zamani kowace manhaja tana da dosiyenta, abin da ku kuke kira folda, kuma komai nata yana ciki ko kusa: ita kanta, da saitinta a wasu ƙananan fayiloli masu ƙarewa da INI waɗanda kake iya buɗewa ka karanta da idonka, har da aikin da mutum ya yi da ita. Sau da yawa in ka ɗauki dosiyen ɗungurungum ka kai wani inji, sai ta tashi kamar ba a yi komai ba. Daɗinsa ke nan. Illarsa kuwa na gan ta a ofishin wani mai fiton kaya daga Kamaru. Wuri ya ƙare masa a disk, ya ga dosiyen wata tsohuwar manhajar rubutu da ya daina so, ya share. Ashe duk samfurin takardun kwastan da ya gyara da hannunsa a ciki suke, tare da ita. Timote ya ceto wasu, wasu sun tafi.

Da Windows 95 ya zo, sannan 98, sai aka raba gari. Manhajoji suka koma dosiye guda, takardun mutum aka ba su nasu mai suna Mes documents, saiti kuma aka tattara shi a wata babbar ma'ajiya da ake kira rajista, wadda ba ka buɗe ta da wasa. Daga nan ɗaukar dosiyen manhaja ka kai wani inji ya daina aiki, sai ka sake girka ta daga faifanta. Mutane suka ji daɗi, suka ce yanzu kayanmu wuri ɗaya suke. Ba wuri ɗaya suke ba.

Malam Haruna mai fassara shi ne ya fara nuna min haka. Aikinsa juya takardun kiwon lafiya zuwa Hausa da Larabcinmu na Chadi da haruffan boko. Manhajar rubutu ba ta san ko kalma ɗaya daga ciki ba, duk abin da ya rubuta sai ta ja masa jan layi a ƙasa. Shi kuma shekara da shekaru yana danna mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya tana haddacewa, har ta kai in ya ga jan layi ya san kuskure ne na gaske. Injin ya kamu da cuta lokacin Timote ya yi tafiya, sai Malam ya kai wa wani a Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi. Mutumin ya kwafe Mes documents tsaf, bai bar ko fayil ɗaya ba, ya wanke inji, ya mayar. Malam Haruna ya buɗe aikinsa ya ga shafi ja wur daga sama har ƙasa. Ya buɗe akwatin saƙonninsa, wayam, babu saƙo babu adireshin kowa. Da ya zo wurinmu Timote ya duba ya ce, "Malam, sai haƙuri. An riga an zuba sabo a kai." Bai zagi wancan mai gyaran ba, ya ce ya yi abin da aka ce ya yi ne. Bayan Malam ya fita sai Timote ya buɗe wani inji ya nuna min wani dosiye can cikin dosiyen Windows, Application Data. Ya ce, "Nan manhajoji suke ajiye abin da suka koya game da mutum. Mai inji bai san da shi ba, don haka ba zai ce ki kwafe ba. Ke ce za ki sani."

Kafin Windows XP ya shigo gari Timote ya koma garin Mundu can kudu, ciwon ido ya hana shi aiki. Ya bar min disk ɗinsa da tawul ɗin. Na buɗe nawa shagon a unguwar Milezi, ɗaki ɗaya da tebur biyu. Tsarin XP ni na koya wa kaina, kuma shi ne tushen wanda kuke gani yau, sunaye kawai aka sauya. Akwai babban dosiye, Documents and Settings. Duk wanda aka buɗe wa suna a injin yana da dosiyensa a ciki, da sunansa a kai. In ka shiga za ka ga Bureau, wato abin da ke kan allo, da Mes documents, da Favoris. Waɗannan na fili ne. Sai ka je ka ce wa injin ya nuna ɓoyayyu, sannan wasu su fito dishi-dishi. Application Data, inda ƙananan abubuwan da ya kamata su bi mutum duk inda ya je suke, irin su adireshi da ƙamus da saiti. Local Settings, inda masu nauyi suke, waɗanda aka ɗauka na wannan injin ne kawai, amma a ciki wata manhajar take jibge duk saƙonnin mutum. Sai wani fayil guda, NTUSER, wanda yake riƙe da yadda mutum ya tsara komai nasa, tun daga hoton bango har firintar da ya zaɓa.

Fayil ɗin nan guda ya ciyar da ni sosai, albarkacin wutar garin nan. In aka ɗauke wuta daidai lokacin da injin yake rubutu a cikinsa, sai ya lalace. Wata shugabar makaranta, Madam Zenaba, ta kira ni a waya. Ta kunna inji da safe ta ga allo fes kamar sabo, takardun jarrabawar da za a yi babu ko ɗaya. Ta daure ta zauna tun safe tana sake buga su daga kai, sai da hannu ya gaji ta tuna da ni.

Na ce, "Madam, injin a kunne yake?"

Ta ce, "Yanzu zan kashe in kawo miki."

Na ce, "Kada ki kashe. Kada ki bar kowa ya taɓa. In janareto ne, a ƙara masa mai."

Na hau kilando, wato babur ɗin haya, na je. Abin da ya faru shi ne, da injin ya kasa buɗe dosiyenta sai ya ba ta na aro, wanda yake sharewa da zarar an kashe. Tsofaffin takardunta suna nan lafiya a dosiye mai sunanta, ba abin da ya same su. Aikin da ta yi tun safe shi ne yake bakin rami. Shi na fara kwashewa, sannan na buɗe mata sabon suna na mayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya san waɗannan wurare ya san cikin mutane, shi ya sa sana'ar take da doka. Timote ya ce min, ki karanta sunan fayil, ki duba nauyinsa, amma kada ki buɗe. Na riƙe injin alƙali, na riƙe na ɗan kasuwa da na matarsa a inji guda, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, kowa kuma ya ja ni gefe ya tambaye ni me ke cikin na ɗayan. Amsata ɗaya ce, ni nauyi kawai nake gani.

Sai shekarar da yaƙi ya shigo cikin gari. Wasunku suna goye a lokacin. Mun tsallaka Kuseri da abin da hannu ya iya ɗauka, muka kwana a farfajiyar mutane. Da ƙura ta lafa muka dawo, na tarar an ɓalle ƙofar shagona, an kwashe alluna da firinta da batirin ajiye wuta, har kujeru. Ofisoshin da suke ba ni aiki wasu a rufe, wasu an yashe su kamar nawa. Aikin da yake zuwa iri ɗaya ne: mutum ya shigo da inji ba igiya ba takarda, an kankare tambarin da ke jiki, ya ce a formate. Wanda na ga alamar ofishi a jikinsa sai in ce ba ni da wuta, kuma galibi ba ƙarya na yi ba. A lokacin jami'an tsaro suna bi unguwa-unguwa suna neman kayan da aka wawashe, wanda aka kama da su kuwa ba a tsayawa jin bayaninsa.

Maƙwabcin shagona Alhaji Sani ne, Bakano, bai daɗe da zuwa garin ba, yana sayar da robobi da tukwane. Shi ne ya sa aka yi min sabuwar ƙofa bayan mun dawo, bai jira na roƙa ba. Wata safiya ya shigo da kwamfuta a cikin buhun shinkafa, ya ajiye ƙarƙashin tebur, ya ce, "Malama Balki, na saya wa yara ne a bakin hanya, sun yi ta kallon fim a ciki. Yanzu na ji an fara shiga gidaje a bayanmu. Ki wanke min ita tas, ta zama ba ta taɓa zama ta kowa ba." Wannan ba wanda zan ce wa ba ni da wuta ba ne.

Na haɗa disk ɗina zan kwafe kamar kullum. A ƙofar shiga injin sunan Bashir ne, babban ɗan Alhaji. Amma a tsarin nan in ka sauya sunan mutum a fili, dosiyensa na ciki ba ya sauyawa. Na shiga Documents and Settings na ga an rubuta silas. Wanda ya sayar ya share Mes documents, yara kuma sun cika disk ɗin maƙil da fina-finai da waƙoƙi, don haka duk abin da aka share an riga an taka shi, ba ya dawowa. Na gwada, tarkace kawai na samu. Sai na nuna ɓoyayyu. Can cikin Local Settings akwai wani dosiye mai nauyin gaske, na wata manhajar duba hotuna. Irin waɗannan manhajoji, don kada su riƙa wahala, duk hoton da aka taɓa buɗewa sai su yi masa ɗan ƙaramin kwafi kamar kan sarki su ajiye a ma'ajiyarsu. In an share hoton na ainihi, ƙaramin yana nan.

Dokar kada a buɗe an yi ta ne don mai kaya, ga shi kuma yanzu mai kayan ake nema. Na girka irin manhajar a wani inji da na aro, na sa dosiyen a gurbinsa, na buɗe. Fuskoki suka cika allo, layi bayan layi, dubbai. Hotunan katin shaida, amare da angwaye, jarirai ranar suna da ranar baftisma, 'yan makaranta riƙe da takardar sakamako, duk a gaban labule iri ɗaya mai zanen bishiyar kwakwa. Injin mai ɗaukar hoto ne. Na yi ta gangarawa har na samu wani da aka ɗauka daga titi, ƙofar shago ce da allo a sama. Na matsa da idona na karanta Foto Silas, a ƙasa kuma sunan unguwa, Abena.

Na jira Alhaji ya dawo daga masallaci na kira shi ciki, na juya masa allon. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Malama, ni fa ban shiga shagon kowa ba. Saya na yi."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Da ina zarginka ba zan nuna maka ba."

"To me kike so in yi? In ɗauke ta in ratsa gari har Abena, a tare ni a hanya? Ni baƙo ne a ƙasar nan. Ke in an kama ki akwai wanda zai ce ya san kakanki. Ni wa zai tsaya min?"

Maganarsa gaskiya ce, ban musa ba. Na ce, "Injin kai ka san yadda za ka yi da shi. Amma dosiyen nan ba ya cikin abin da aka sayar maka, don wanda ya sayar ma bai san da shi ba. Ka bar ni in kai wa mai shi."

Ya shafa gemu ya ce, "Sunana ba zai fito ba?"

"Ba zai fito ba."

"To ki ɗauka. Sauran ki wanke."

Na wanke, ya zo ya ɗauki abinsa a buhun da ya kawo shi. Injin bai koma Abena ba, kuma ban sake tayar da maganar ba. Sau ɗaya kawai, bayan an kwana biyu, ya tsaya a ƙofata ya ce, "An samu mutumin?" Na ce an samu. Ya ce alhamdu lillahi, ya wuce.

Samun nasa bai yi wuya ba. Na shiga motar haya na sauka Abena, na tambayi wata mai soya ƙosai, ta nuna min da ludayi. Allon yana nan, ƙofar ce babu, an kafa kwano a madadinta. Silas dattijo ne gajere mai furfura, na same shi zaune a benci yana gyara wa wani tocila. A cikin shagon ba abin da ya rage sai ƙusoshin da labulen yake rataye. Muka gaisa da Larabci, na ce masa ni mai gyaran kwamfuta ce, wani abu nasa ya biyo ta hannuna.

Ya ce, "Injina?"

Na ce, "A'a. Injin ba ya hannuna, kuma ba zan iya faɗa maka inda yake ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To me kika kawo min, Madam?"

Na buɗe ƙaramar kwamfutar da na aro na ɗora masa a cinya. Ya sa tabarau. Ya riƙa bin fuskokin da yatsansa, can sai ya fara kiran sunaye a hankali, wannan 'yar gidan wane ce, wannan ya koma ƙauye, wannan ya mutu. Ya ce tun da ya bar kyamarar fim ya koma ta zamani komai a injin nan yake ajiyewa, faya-fayan da ya kwafa kuma a aljihun tebur suke, an tafi da teburin. Sannan ya danna wani hoto don ya girma, sai fuskar ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai. Ya cire tabarau ya ce, "Wannan ba hoto ba ne. Inuwar hoto ce." Na ce masa iyakar abin da ya rage ke nan, kuma ba wanda zai iya mayar da abin da babu.

Shi ya kawo shawarar a buga su yadda suke, ƙanana, da yawa a takarda guda. Na samu firinta a wurin wani abokin sana'a, na riƙa bugawa ina kai masa, shi kuma yana mannawa a bangon shagon daga ciki, daga sama har ƙasa. Labari ya bazu a unguwa. Gidaje da yawa an kwashe su har da hotunan bango, saboda firam ɗin ake so. Mutane suka riƙa zuwa suna bin bango da yatsa, wanda ya ga nasa sai Silas ya yanke masa da almakashi. Wani ya yi dariya, wani ya sa a aljihu ya fita.

Ranar da na kai kashi na ƙarshe na tarar da wata mata a tsugune a kusurwa, da 'yarta ƙarama a gefe. Silas ya ce min sunanta Lidi, mijinta direban motar haya ne, harsashi ya same shi a rana ta biyu ta faɗan, ita kuma tana Kuseri aka kwashe ɗakinta. Ta zo sau da yawa ba ta samu komai ba. Na miƙa mata sababbin takardun kafin a manna. Ta bi su a hankali, a ta uku ko ta huɗu yatsanta ya tsaya. Hoton lasisin tuƙi ne, mutum da farar riga, kansa bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Ta ce da Silas, "Baba, a girmama min shi. Babba, na bango."

Silas ya ce, "'Yata, ba zai yi ba. In aka ja shi zai watse, ba za ki ga ido ba, ba za ki ga baki ba. Ki riƙe ƙaramin, ya fi."

Ta ce, "Yarinyar nan ba ta iya ganin ƙaramin. Ta fara tambayata yaya kamanninsa suke."

Silas ya dube ni. Na ce mata abin da ya faɗa gaskiya ne, ni ma ban san wata dabara ba. Ta ce ta ji, a yi haka nan.

Na buga shi a cikakkiyar takarda na kawo washegari. Yadda muka faɗa haka ya fito, dabbare-dabbare, fari da baƙi da ruwan ƙasa, kamar an jera tubala. Ta karɓa ta riƙe a gaban fuskarta, ta juya shi, ta sake juyawa. Silas ya karɓe a hankali, ya manna a jikin kwanon ƙofa daga waje don ya yanke gefen. Ita kuwa ta ja hannun 'yarta za su tafi, ko sallama ba ta yi ba. Sun tsallaka titi, sun kai wurin mai ƙosai, sai yarinyar ta waiwaya. Uwar ma ta waiwaya, ta tsaya cak.

Na tsallaka na tsaya kusa da ita. Daga can tubalan sun haɗe. Ga goshi, ga ido, ga gashin baki, har da ɗan karkata kan da mutum yake yi in an ce ya kalli kyamara.

Ta ce, "Shi ne." Ta ɗaga yarinyar ta saɓa a kafaɗa, ta nuna mata da hannu.

Sannan ta ɗaga murya ta ce da Silas daga tsallaken titi, "Baba, kada ka yanke komai. Ɗakina dogo ne. A bangon ƙarshe zan kafa shi."